Asalin kalmar saudade: Larabci ne ko Latin?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a fannin ilimin halayyar ɗan Adam. A wani darasi kan sunayen da al'ummomi ke raɗa wa abin da zuciya ke ji, an kawo mana kalmar saudade ta harshen Fotugis, aka ce babu wani harshe da ke da irinta. Daga baya na karanta cewa daga Larabci ta fito, daga sauda, wato ciwon baƙin cikin da likitocin dauri suka yi bayani a kansa, tun da Musulmi sun daɗe suna mulkin ƙasar. Wannan magana gaskiya ce? Kuma saudade cuta ce, ko kuwa kewa ce kawai irin wadda muka sani?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, idan na fahimce ki da kyau, kina son sanin tushen kalmar, sannan kina son sanin ko tushen yana gaya mana wani abu game da halin da take nufi, domin idan har daga sunan cuta ta fito, akwai dalilin da zai sa a dube ta da idon likita. Amsata a taƙaice ita ce saudade jikar Latin ce, kakarta kalma ce mai ma'anar kaɗaici, kuma maganar Larabcin, duk da cewa ba daga sama aka tsinto ta ba, ba ta tsayawa da ƙafarta idan aka gwada ta da tsofaffin rubuce-rubuce da ƙa'idojin sauyin sauti.

Kafin mu shiga tarihi, ga yadda masu harshen ke amfani da ita a yau. Mutumin Lisbon yakan ce tenho saudades tuas, wato ina kewarki, kuma ya fi sa ta a jam'i, yayin da mutumin Burazil ya fi cewa estou com saudade de você. Ana yin ta saboda mutum, ko gari, ko ƙuruciya, ko girkin uwa. Wanda ya rasu ana kiransa saudoso, kusan yadda muke cewa marigayi, sai dai da ƙarin ma'anar wanda ake kewarsa. Lokacin da nake koyon harshen a birnin Coimbra na Fotugal na taɓa raka dattijuwar da nake haya a gidanta maƙabarta ziyarar mijinta, na ga dutse bayan dutse an sassaƙa eterna saudade, kewa ta har abada, a ƙarƙashin sunayen 'ya'ya da jikoki. A daren ranar na ji ta tana waya da 'yarta da ke aiki a Faransa, ta rufe da cewa a isar da saudades ga kowa da kowa, daidai inda mu za mu ce a gaida mutan gida. Ki riƙe wannan amfani na biyun, na gaisuwa, domin shi ne zai warware mana ƙulli mafi wuya a tarihin kalmar.

Abin da tsofaffin takardu suka nuna

Mai binciken asalin kalmomi ba ya fara aiki da yadda kalma take a bakin mutanen yau. Yakan koma baya har inda rubutu ya tsaya, ya ga siffar da ta fara bayyana da ita. Idan muka yi haka da saudade, za mu iske kanmu a cikin waƙoƙin fada na ƙarni na 13 da farkon na 14, waɗanda aka rera da harshen da a lokacin ya haɗa Galisiya, yankin arewa maso yammacin Sifaniya, da Fotugal, kuma fiye da 1,600 daga cikinsu sun iso mana a kundaye uku manya. A can babu saudade. Abin da ke akwai shi ne soidade da soedade da suidade. Sarki Dinis na Fotugal, wanda ya rayu daga 1261 zuwa 1325 kuma fasihin mawaƙi ne, yana da waƙar da ta buɗe da kalmar soidade, inda yake kukan rashin wadda yake so. Wasalin gaɓar farko a waɗannan siffofi o ne ko u, kuma duk bayanin da za a kawo dole ya fara daga nan.

A Latin akwai solus, mai nufin wanda yake shi kaɗai, kuma daga ita aka ƙera solitas, kaɗaici. Harsunan da suka fito daga Latin sun gaji sunayensu ne daga siffar da suna ke ɗauka idan yana matsayin karɓau, wato wanda aiki ya faɗa wa a jumla, a nan kuwa siffar ita ce solitatem. Ƙa'idoji biyu ne suka yi aiki a kanta, kuma dukansu sun yi aiki a kan ɗaruruwan wasu kalmomi. Ta farko, t da ke tsakanin wasula biyu takan koma d: vita ta zama vida, rayuwa; rota ta zama roda, ƙafar keke; ɗafa-ƙeyar nan ta -tatem kuwa ta zama -dade, kamar a verdade, gaskiya, da cidade, birni, da liberdade, 'yanci. Ta biyu ita ce tambarin Fotugis da ya raba shi da maƙwabcinsa Sifaniyanci, wato l da ke tsakanin wasula biyu takan faɗi gaba ɗaya. Dolorem, zafi, ta zama dor. Colorem, launi, ta zama cor. Salire ta zama sair, fita. Volare ta zama voar, tashi sama. Malum ta zama mau, mugu. Ki ɗora waɗannan biyu a kan solitatem, abin da zai fito shi ne soedade ko soidade, ba tare da an tilasta ko harafi ɗaya ba. Sifaniyanci, da bai yar da l ɗinsa ba, yana da soledad, kuma har gobe kaɗaici take nufi a can. A Galisiya kuma soidade na nan da ranta a gefen saudade.

Irin wannan sauyi ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe. Basakkwace na cewa zamna da amre da sabka, Bakano na cewa zauna da aure da sauka, kuma kowa na cewa talaka amma talauci. Baƙin da ya rufe gaɓa ne ya narke ya zama u, bisa ƙa'idar da Bajamushen nan August Klingenheben ya bayyana a ƙarshen shekarun 1920. Wanda bai san ƙa'idar ba zai iya ɗaukar sauka ya tafi nemo mata dangi a wani harshe mai kalma da au, alhali danginta na nan kusa a karin harshen yamma.

Inda ƙullin yake shi ne yadda soidade ta koma saudade, siffar da ta rinjaya a rubutu a ƙarni na 16, zamanin mawaƙi Camões. Babu wata ƙa'idar sauti a Fotugis da ke mayar da oi zuwa au, saboda haka wani abu ne daga gefe ya ja kalmar. Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne na Carolina Michaëlis de Vasconcelos, haifaffiyar birnin Berlin na Jamus da ta zama mace ta farko da ta koyar a jami'a a Fotugal, cikin littafinta A Saudade Portuguesa na 1914. Ta nuna cewa soidade ta yi zaman maƙwabtaka da wani dangin kalmomi masu kama da ita a kunne: saudar, gaisarwa, daga salutare, saúde, lafiya, daga salutem, da saudação, gaisuwa. A waɗannan ma l ce ta faɗi, ta bar a da u suna kallon juna. Wurin haɗuwar kuwa shi ne wasiƙa da saƙon baka. Wanda ke nesa idan ya aika gida, gaisuwa yake aikawa, da fatan lafiya, da kewa, a numfashi ɗaya, kuma da maimaici sai kalmar kewar ta ari rigar kalmar gaisuwar. Abin da na ji dattijuwar nan ta yi a waya ke nan, bayan shekaru ɗari biyar. Akwai ƙaramar shaida da ke ƙarfafa wannan: mawaƙa sun daɗe suna ƙirga kalmar gaɓa huɗu, sa-u-da-de, kamar yadda ake raba sa-ú-de, kuma a wasu tsofaffin littattafai za ki ga an rubuta saüdade da ɗigo biyu a kan u don a nuna rabuwar.

Hujjar masu cewa Larabci ne

Ya kamata a yi wa wannan ra'ayi adalci, domin masu shi na da abin riƙo. Musulmi sun shiga Andalus a 711, Lisbon ba ta fita hannunsu ba sai 1147, kudancin ƙasar kuwa, wanda har yau sunansa Algarve daga algarb, yamma, sai a 1249. Fotugis cike yake da kalmomin aro daga Larabci, kuma da yawansu sun shigo da al ɗinsu manne, kamar yadda alkitab ya zama littafi a wurinmu, alkhabar ya zama labari, alwaƙt ya zama lokaci. Suna da azeite, man zaitun, da arroz, shinkafa, da aldeia, ƙauye, da almofada, matashin kai, har da oxalá, wadda ke ɗauke da sunan Allah kuma ake faɗinta wajen fata.

Ita kuma sauda, da hamza a ƙarshe, tamatar aswad ce, wato baƙa, kuma kin san ta a habbatus sauda da ake sayarwa a kowane shagon maganin Musulunci. A likitancin da Larabawa suka gada daga Girkawa, jikin mutum na da ruwaye huɗu: jini, da majina, da rawayar madaciya, da baƙar madaciya. Wannan ta huɗun ita ce almirratus sauda, fassarar kai tsaye ta kalmomin Girkanci biyu da suka haifi melankoliya, kuma an ɗauka yawanta ne ke jawo baƙin ciki marar dalili da tsoro da waswasi. Ishaƙ ɗan Imran, likitan Ƙairawan ta Tunisiya, ya rubuta littafi sukutum a kan wannan ciwo a wajajen farkon ƙarni na 10, aka juya shi zuwa Latin a ƙarni na 11, Ibn Sina ma ya tattauna shi a littafinsa Alƙanun. Kalmar ta yi tafiya sosai a gabas: a Turkanci sevda tsananin so ne, a Bosniya sevdah ta ba wa wani salon waƙar bege suna, a Farisanci da Urdu sauda na nufin zautuwa da shauƙi. Duk wanda ya ga wannan jeri, ya kuma ga saudade, zuciyarsa za ta raya masa cewa 'yan gida ɗaya ne. Masanin harshe ɗan Burazil João Ribeiro na cikin waɗanda suka kawo wannan shawara, a littafinsa Curiosidades Verbais na 1927, kuma daga irin wannan tushe ne maganar ke yawo har ta iso gare ki.

Dalilin da ya sa ban karɓe ta ba ya fara ne daga abin da muka riga muka gani. Da kalmar daga sauda take, da siffa mai au ce za ta zama tsohuwa, mai oi ta biyo baya, amma takardu sun nuna akasin haka: a ƙarnin da ya fi kusa da mulkin Musulmi soidade ake rubutawa, au ɗin bai yi ƙarfi ba sai bayan Larabci ya ja baya daga ƙasar. Sannan akwai yadda Fotugis ke karɓar sautukan Larabci, kuma wannan ita ce hujjar da nake ganin ta fi kaifi. Harafin sin a kalmomin aro yakan fito ne da ç, wanda a wancan zamani sauti ne daban da s, kuma marubuta na bambanta su: assukkar ta zama açúcar, sukari, assuƙ, kasuwa, ta zama açougue, shagon mahauta, assudd ta zama açude, madatsar ruwa. Tagwan wasalin au kuwa, ko daga Latin ya zo ko daga Larabci, ou yake komawa: aurum ta zama ouro, zinariya, paucum ta zama pouco, kaɗan. Muna ma da kalmar da ta haɗa sin da au wuri ɗaya, kamar an ajiye ta don wannan gwaji: assauɗ, bulala, ta zama açoute ko açoite. Saboda haka da assauda ta shiga bakin mutanen Fotugal a wancan zamani, abin da za mu sa ran gani wani abu ne mai kama da açouda. Au ɗin da ke saudade, wanda shi ne ya ja hankalin masu ra'ayin Larabci, shi ne kuma yake ba da shaida a kansu.

Akwai wani mai shaida da nake so ki sani, domin ya shafi fanninki kai tsaye. Sarki Duarte, wanda ya mulki Fotugal daga 1433 zuwa 1438, ya rubuta littafin nasiha mai suna Leal Conselheiro, kuma a babi na 19 ya ba da labarin yadda shi da kansa ya kamu da ciwon baƙar madaciya. Yana ɗan shekara 22 mahaifinsa ya ɗora masa nauyin majalisa da shari'a da baitulmali, saboda shi ya duƙufa shirin yaƙin 1415 na cin Ceuta, wani birni a gaɓar tekun arewacin Afirka. Aiki ya cinye shi daga safe har dare, ya bar farauta da hutu, baƙin ciki da tsoron mutuwa suka rufe shi har fiye da shekara uku. Likitoci sun ba shi shawarwarin da ya ƙi bi saboda addininsa, kuma ya ce sauƙi ya fara zo masa ne lokacin da ya tsaya jinyar mahaifiyarsa, Sarauniya Filipa, wadda annoba ta kashe a 1415, domin damuwa da ciwonta ta janye hankalinsa daga nasa. Sunan da ya kira ciwon da shi daga kalmar Girkancin nan ne, humor menencorico. Sai a babi na 25 ya zo kan suidade, a cikin jerin halayen zuciya irin su ɓacin rai da ƙosawa, ya ce wani ji ne na zuciya da ke tasowa daga gaɓoɓin ji ba daga hankali ba, wanda wani lokaci yakan zo da baƙin ciki, wani lokaci kuma da daɗi, gwargwadon ko tunawar ce ta rinjaya ko kuwa son komawa ga abin da ya wuce. Ga mutumin da ya ɗanɗani ciwon sauda a jikinsa, ya san sunansa a likitance, ya kuma zauna ya rarrabe suidade da hannunsa, amma bai haɗa su ba. A wurina wannan ya fi dogon jayayya nauyi.

Iyakar abin da takarda ke iya tabbatarwa ita ce abin da aka rubuta, hirar kasuwa da ta ɗakin likita ba su bar sawu ba. Saboda haka mai cewa wataƙila sauda ta taimaka daga gefe wajen jan soidade zuwa au, kamar yadda saudar ta yi, ba za a iya rufe masa baki da hujja yankakkiya ba. Sai dai nauyin kawo shaida a kansa yake, kuma saudar da saúde kalmomi ne da kowane manomi ke furtawa kullum, sun isa su yi aikin ba tare da an nemo mataimaki ba.

Daga kaɗaici zuwa kewa

Abin da ya fi burge ni a tarihin kalmar shi ne tafiyar ma'anarta. Ta fara ne da bayyana halin da mutum ke ciki a zahiri, wato babu kowa tare da shi. Daga nan ta koma abin da yake ji saboda wannan hali, sannan ta juya ta fuskanci wanda rashinsa ya jawo halin, har ta kai ana cewa saudade ɗin wane. Da ta yi nisa a wannan hanya, sai Fotugis ya bar wa wata kalma, solidão, aikin kaɗaici tsantsa.

Duk lokacin da na kawo wannan a ajin fassara, ɗalibai kan riga ni kaiwa ga kewa, kuma suna da gaskiya, domin kewa tamu tana tsaye ne a kan gadar nan guda. Idan aka kai amarya, ko baƙon da ya daɗe ya tafi, ana yi wa mutan gida gaisuwar kewa, kuma abin da ake nufi ya haɗa shirun da gidan ya yi da begen wanda ya tafi. Muna cewa rediyo na ɗebe kewa, a nan kaɗaici ne. Muna cewa ina kewar mahaifiyata, a nan bege ne. Su ma suna da matar saudades, kashe kewa, abin da mutum ke yi idan ya dawo gida ya zauna da 'yan'uwa ko ya ci abincin da ya daɗe bai ci ba. Inda saudade ta ɗan zarce kewa shi ne wajen daɗin da ke cikin zafin, da kuma yadda ake yin ta ga abin da ba zai dawo ba, a nan kuwa bege ya fi kusa da ita, musamman yadda sha'irai ke amfani da shi a begen Annabi, inda mai yin sa ba ya neman a raba shi da shi.

Wannan ya kawo mu ga abin da aka gaya muku a aji, cewa babu harshen da ke da irinta. Magana ce tsohuwa, kuma Sarki Duarte ne ya fara rubuta ta, inda ya ce bai san kalma a Latin ko wani harshe da ta dace da wannan ji kamar suidade ba. Duarte Nunes de Leão ya maimaita ta a 1606, ya fassara kalmar da tunawa da abu tare da marmarinsa. Francisco Manuel de Melo a 1660 ya ce so da rashi su ne iyayenta. A farkon ƙarni na 20 mawaƙi Teixeira de Pascoaes da abokansa na mujallar A Águia a Porto suka ɗaga ta ta zama aƙida, suna cewa ita ce ruhin al'ummar Fotugal, António Sérgio kuma ya yi musu raddi mai zafi, yana ganin kallon baya ne da zai hana ƙasa ci gaba. A Burazil har rana aka ware mata, 30 ga Janairu. Abin da zan yarda da shi shi ne babu al'ummar da ta yi wa kalmarta ta kewa hidima irin wannan, shekaru ɗari bakwai na waƙa da falsafa. Amma jin kansa na kowa ne, kowane harshe da ƙofar da ya shiga ta: Romaniyanci na da dor, daga kalmar Latin mai nufin zafi, Katalanci na da enyorança, daga ignorare, rashin sanin labarin wanda ya tafi, Fotugis ya shiga ta ƙofar kaɗaici. Haka nan maganar da za ki yawaita ji cewa tafiye-tafiyen teku ne suka haifi kalmar ba ta yi daidai da lissafi ba, tun da Sarki Dinis ya rasu shekara 90 kafin cin Ceuta, wanda ake ƙirga farkon waɗannan tafiye-tafiye daga kansa, Vasco da Gama kuma bai isa Indiya ba sai 1498. Teku ta ba ta abin ci, amma ta same ta da girmanta.

Shin cuta ce?

A nan zan tsaya a iyakar fannina, domin ni mai nazarin harshe ne, hukuncin asibiti na malamanki ne. Abin da tarihin kalmomi ke nunawa shi ne saudade ba a ɗakin likita aka haife ta ba. Ki gwada ta da nostalgia, wadda wani ɗalibin likitanci, Johannes Hofer, ya ƙera a Basel a 1688 daga kalmomin Girkanci biyu, komawa gida da ciwo, don ya raɗa wa ciwon begen gida da ke kwantar da 'yan Suwizalan a ƙasashen waje suna. Ita ta fara a matsayin cuta, daga baya ta sauko cikin maganar yau da kullum. Saudade ta taso daga waƙa da wasiƙa, sai a baya-bayan nan masana halayyar ɗan Adam suka ɗauke ta don nazari, kamar binciken da Félix Neto na Jami'ar Porto da Etienne Mullet suka buga a 2014, inda suka nemi masu harshen su lissafa siffofin da suke dangantawa da ita, aka ga tunawa da rashi da baƙin ciki sun cakuɗe da so da abubuwa masu daɗi. Ba ta cikin jerin cututtukan Hukumar Lafiya ta Duniya. Abin da ke ciki, a bugu na 11 da ya fara aiki a 2022, shi ne alhinin rashi da ya zarce ƙima, wanda ya wuce aƙalla wata shida da abin da al'adar mutum ta saba, har ya hana shi tafiyar da rayuwarsa.

Idan kina neman kalmar Fotugis da ta shiga littattafan likitoci a matsayin ciwon zuciya, ita ce banzo. Da ita aka kira baƙin cikin da ke kama 'yan Afirka da aka bautar aka kai Burazil, har mutum ya yi shiru, ya ƙi abinci, ya rame ya mutu. Luís António de Oliveira Mendes, haifaffen Bahia ta Burazil, ya bayyana ta a takardar da ya gabatar wa Cibiyar Kimiyya ta Lisbon a 1793. Bahia ɗin nan kuwa an kai Hausawa da yawa can a farkon ƙarni na 19, kuma su ne suka shirya boren 1807, saboda haka ciwon da kalmar ke nufi ya taɓa namu. Wani ɗalibina ya taɓa kawo mini shawarar cewa banzo daga banza tamu ta fito, tun da ga Hausawa a wurin ga kuma kamar sauti. Na ji daɗin tunanin, amma na nuna masa cewa aikatau banzar na cikin ƙamus ɗin Fotugis tun farkon ƙarni na 18, kafin Hausawa su yawaita a Bahia, kuma mafi yawan masana na kai ta ga harsunan Angola da Kwango, Kimbundu da Kikongo, inda saiwar ke nufin tunani. Tarkon da ya kama shi shi ne ya kama masu haɗa saudade da sauda: sauti ya yi kama, tarihi ya ba da damar haɗuwa, ma'ana ta kusa, amma tsofaffin siffofi sun nuna wata hanya daban.

Idan za ki rubuta wannan a aikinki, ki ce saudade ta fito daga Latin solitatem ta hanyar soidade, da tasirin saudar da saúde a kan wasalinta, ki ambaci ra'ayin Larabci a matsayin shawarar da aka taɓa kawowa wadda ƙa'idojin sauti ba su goyi bayanta ba. Wajen fassara kuwa, ni kewa nake sawa a mafi yawan wurare, in sa bege inda so ya fi rashi ƙarfi, in sa gaisuwa idan a ƙarshen wasiƙa ta zo. Rubutun kan kabarin nan na Coimbra na juya shi sau da yawa a raina, kuma abin da na tsaya a kai shi ne: muna kewarka har abada.